Dayin Bakin Rijiya

Wata goma sha huɗu Sama'ilu ya yi yana ɗauke da wata gajeruwar magana a ƙirjinsa, wadda da ya faɗe ta a ranar da ta kamata, da ba ta ci masa numfashi biyu ba. Maganar kuwa ita ce, shi ne ya sare tsiron dayin da ke bakin rijiyar Malam Lawal, ba raƙumin Haladu ne ya yi ɓarnar ba. Ya yi sallah da maganar nan, ya ci abinci da ita, ya je zance da ita, kullum yana ce wa kansa gobe.

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya koma gona aka turo shi daga Kazaure zuwa Gwiwa a matsayin malamin gona. Ya zo da sabon babur, da littafi a aljihu, da tabbacin cewa duk abin da ke tsirowa a ƙasa iri biyu ne: ko amfanin gona, ko ciyawa.

Wata ranar Talata ya isa wani ƙauye arewa da Gwiwa domin ya nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani. A ƙofar gidan Malam Lawal, wani Bafulatani da ya zauna ya kama noma bayan fari ya cinye masa shanu, Sama'ilu ya nemi ruwan sha. 'Yar gidan ce ta kawo masa. Da ta durƙusa ta miƙo ƙwaryar, ya ga yatsunta duk sun sha sukar ƙaya, ɗaya har ya kumbura.

"Sannu. Da bushiya kika yi dambe?" ya tambaye ta.

"Da wanda ya fi bushiya tsadar rai," ta ce, idonta a ƙasa, bakinta yana son dariya.

Ya zaro matsefatarsa ta cire ƙaya daga jikin makullin babur ya ajiye mata a kan murfin ƙwaryar. "Ki cire kafin ta yi ruwa. Zan dawo in karɓi abata."

"Malamin gona yana ba da aro ne don ya sami dalilin dawowa?"

"Malamin gona bai iya ɓoye dabara ba, ashe."

Sunanta Dela. Ya dawo karɓar matsefata sau huɗu, bai taɓa tafiya da ita ba. Da yake ta yi aji huɗu a firamare, sai suka koma aje wa juna takarda a jikin zanan da ya kewaye lambun bayan gida, daga waje ta gefen hanya. Bai taɓa shiga lambun ba, bai kuma taɓa sake tambayarta wane ne mai tsadar ran nan ba.

Da manyansa suka zo daga Kazaure neman izini, Malam Lawal ya karɓe su da mutunci, amma bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya ce bai yi wa kowa alkawari ba, sai dai akwai Haladu, ɗan ƙanwarsa Shatu, mai fataucin gero da kanwa a kan raƙumi tsakanin Babura da Gwiwa, wanda ya san shi tun yana rarrafe. Sa'an nan ya dubi hannun Sama'ilu ya ce, "Kuma ni ban taɓa ganin manomin da tafin hannunsa ya fi na jariri laushi ba. Noman takarda ba ya cika rumbu."

Maganar ta yi wa Sama'ilu zafi. Don haka ranar da ya ji mutanen gidan duk sun tafi ta'aziyya Roni, ya ari fartanyar maƙwabcinsu ba da saninsa ba, ya tura ƙyauren lambun ya shiga da niyyar ya nome shi tas, su dawo su ga aikin mai hannun jariri.

Akwai kuɓewa da yakuwa da barkono. A kusurwar bakin rijiya kuwa wata ciyawa ce ta yi kumbo har gwiwa, ganyenta toka-toka, kowane kai an kewaye shi da ƙayoyi kamar tauraro, a tsakiya ɗan fure mai launi tsakanin ja da shuɗi. Dayi ne. Ya ga an jera duwatsu an zagaye shi. Ya gani da idonsa, wannan ne abin da daga baya ya fi hana shi sukuni; amma littafinsa ya ce ciyawa ce, sai ya fara ta nan. Ya sare shi daga saiwa, ya tattara da bakin fartanya ya wurga bayan zana. Bai kai ga kunyar kuɓewa ta farko ba hadari ya taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya mayar da fartanyar, ya hau babur ya gudu Gwiwa, yana cewa gobe ya ƙarasa.

Da la'asar Haladu ya iso daga kasuwa, ya ɗaure raƙuminsa a jikin zanan kamar yadda ya saba, ya shiga zaure ya miƙe. Raƙumi kuwa babu abin da yake so kamar dayi. Mutanen gida suka dawo suka same shi yana tauna, fure na reto a leɓensa, kusurwar rijiya kuwa ƙasa ce tsirara, ruwa ya shafe sawu da shatar fartanya.

Washegari Sama'ilu ya zo da fara'arsa zai ba da labarin aikinsa, ya tarar da gida kamar an yi sabon rashi. A nan ya ji abin da bai tambaya ba. A shekarar fari, lokacin da rumbu ya ƙare, mahaifiyar Dela, Inna Saude, ita ce take tafiya mai nisa tana tsinko ganyen dayi, ta dafa ta zubar da ruwan ɗacin, ta kwaɗa wa 'ya'yanta. Da abin ya lafa sai ta shuka irinsa a bakin rijiya da hannunta, ta ce kada wani nata ya sake yin wannan tafiyar. Ba ta ga furensa na biyu ba, Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga nan Dela ke kula da shi.

Malam Lawal ya riga ya yi wa Haladu faɗa mai zafi, don sau uku yana hana shi ɗaure dabba a wurin. Haladu ya rantse wuyan raƙuminsa bai tsallaka zana ba. Goggo Shatu, da ta biyo su daga wurin ta'aziyyar, ta tsaya wa ɗanta. Magana ta kai wa da ƙanwa inda ba su taɓa zuwa ba, har ya ce mata ita dama ba ta taɓa ƙaunar Saude ba. Ta ɗauki mayafinta ta koma gidanta a Kanya Babba a ranar.

"Kai malamin gona ne," Malam Lawal ya ce da Sama'ilu. "Zo ka duba mana. Zai sake tohowa?"

Sama'ilu ya tsuguna a kusurwar. Ya tona da yatsa, ya ga saran fartanyarsa a kan guntun saiwa, sumul kamar yankan wuƙa. Ya mai da ƙasa ya rufe. Dela tana tsaye a bayan mahaifinta, idanunta sun kumbura.

"Raƙumin ya yi ɓarna sosai, Baffa," ya ce. "Da wuya."

Abin da ya faɗa ke nan. Kuma daga ranar aka daina ambaton Haladu a maganar auren Dela.

Sai ya shiga neman hanyar biyan abin da ya ƙi amsawa. Ya hau babur har gaba da Babura, kusa da iyaka, inda masu raƙuma suka nuna masa fakon da dayi yake. Ya tsinko busassun kawuna da hannu tsirara, ya dawo ya gyara kunya a bayan gidansa na Gwiwa, ya zuba taki, yana ban-ruwa safe da yamma. Irin ya tsiro ya yi kore shar, bayan mako biyu ya ruɓe daga gindi. Ya sake, ya sake ruɓewa. Ya koma ya haƙo masu rai da ƙasarsu ya dasa, kafin azahar sun sunkuyar da kai.

Ya rubuta mata:

"Deluwata, ina gaishe ki gaisuwar wanda ya kasa. Na yi wa dayin nan duk abin da aka koya mini a makaranta, ya ƙi ni. Ina so in mayar miki da abin da kika rasa, amma da alama shi ma ya san hannuna bai cancanta ba. Naki, Sama'ilu."

Bayan kwana uku ya sami amsa a jikin zana:

"Malamin gonata, gata ka yi masa ya yi yawa. Ba ya son taki, ba ya son ruwa ya kwana a gindinsa, ba ya kuma yarda a ɗauke shi daga inda ya tsiro, don saiwarsa ɗaya ce tana tafiya ƙasa. Nemi wuri mai yashi da tsakuwa inda rana take wuni. Ka watsa irin a farkon damina, ka ɗan shafa ƙasa a kai kawai, ka kare shi daga awaki, sa'an nan ka rabu da shi. Kuma ka riƙa naɗe hannunka da tsumma, hannun nan ina da rabo a cikinsa. Har yanzu matsefatarka tana wurina. Dela."

Ya karanta ya ji daɗi, daɗin kuma ya koma masa ɗaci kafin ya ninke takardar.

Malam Lawal ya ga hannun Sama'ilu wata rana a masallacin Juma'a, duk ya farfashe ya yi kanta, ya tambayi dalili. Da aka gaya masa, ya ce, "Ashe yaron yana da zuciya." Wannan yabo ya fi zagin farko yi wa Sama'ilu ciwo.

A kasuwar Gwiwa kuwa yakan hango Haladu yana sauke kaya, raƙuminsa da takunkumin igiya a baki. Mutane sun laƙaba wa dabbar suna Ɓarawo, mahauta na tsokana suna cewa a ɓoye ganye ga shi nan tafe. Haladu yakan yi dariya tare da su, amma ya daina bi ta ƙauyen kawunsa, yakan zagaya ta doguwar hanya. In ya ga Sama'ilu sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina gajiya?" Sama'ilu ya amsa da sauri ya shige layin masu barkono, ko da ba barkonon zai saya ba.

Da damina ta zagayo, ya bi maganar Dela ɗaya bayan ɗaya. Ya watsa rabin irin a bayan gidansa, rabi ya ba ta ta watsa a cikin da'irar duwatsun. Wannan karon bai yi masa komai ba sai kallo da korar awaki. Dayi ya fito ya kwanta a ƙasa kamar faifai, sa'an nan ya miƙe ya yi rassa, ya fid da ƙaya, a ƙarshen damina ya buɗe fure a wuri biyun. Ƙudan zuma suka dawo bakin rijiya. Malam Lawal ya tsaya a kansa ya daɗe, da ya juyo ya ce a gaya wa mutanen Kazaure su zo a sa rana.

An sa ranar bayan an gama yankan gero. Saura mako uku Sama'ilu ya zo zance da la'asar. Dela ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna gefe tana ba shi labarin tasoshin da aka sayo mata, da yadda 'yan uwa za su zo daga Roni da Achilafiya.

"Goggo Shatu fa?" ya tambaya.

Dela ta ce, "Ita ce ya kamata ta wanke ni, ta kai ni ɗaki, tun da Inna ba ta raye. Baffa bai aika mata ba. Ita ma ba za ta zo ba."

Ya dubi hannuwansa. Ya ji in ya bar wannan la'asar ta wuce, to har ya mutu ba zai faɗa ba.

"Dela, raƙumin Haladu bai shiga lambunku ba. Ni na sare shi. Ranar da kuka tafi Roni na zo in yi wa Baffa noma, na ɗauka ciyawa ce, na sare na jefa bayan zana. Na ga duwatsun. Da Baffa ya sa ni dubawa na ga saran fartanyata, na rufe da ƙasa."

Ba ta ɗago ba. Tana ta murza bakin mayafinta.

"Raƙumi ba ya cin saiwa," ta ce a hankali. "Kai yake tsinka ya bar gindi, bayan sati biyu ya toho. Na jira sati biyu bai toho ba, sai na tona. Na san fartanya ce. Kuma maƙwabcinmu ya yi ta cigiyar wanda ya ari tasa ya dawo da ita da laka."

"Kin sani? Duk watannin nan?"

"Na yi zato. Ban tambaye ka ba don kada ka ce e." Hawaye ya zubo mata. "Na bar Baffa ya zagi ƙanwarsa, na bar taubashina da sunan banza a kasuwa, saboda in gaskiya ta fito kai za a kora. Kullum ina jira ka faɗa, kullum kuma ina addu'a kada ka faɗa. Ka ga ba kai kaɗai ba ne."

"Deluwa…"

"Kada ka Deluwa ni yanzu. Ina son ka, Allah ya sani. Amma ba zan shiga ɗakinka a kan bayan Haladu ba. Baffa yana lambu. Tashi ka je, ni ma ina bayanka."

Malam Lawal yana ɗaure kuɓewar iri lokacin da suka durƙusa. Ya saurara har ƙarshe bai katse su ba. Ya dubi dayin, ya dubi 'yarsa, ya dubi Sama'ilu.

"Saran ba komai ba ne," ya ce. "Wanda bai sha yunwar shekarar nan ba, ciyawa zai gani. Amma na tambaye ka a matsayin masani, ka dube ni ka yi mini ƙarya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Shatu. Na gaya mata maganar da ba a gaya wa maƙiyi, saboda kai." Ya karkaɗe rigarsa. "Gobe da sassafe ka zo da babur ɗinka. Abin da ka faɗa mini a tsugune, za ka maimaita shi a gabanta. Auren kuma na cire hannuna, yana wurinta. In ta ce a'a, a'a ne."

Tafiyar Kanya Babba ita ce mafi tsawo da Sama'ilu ya taɓa yi, tsoho a bayansa. Haladu ya tafi fatauci, Goggo Shatu kaɗai suka samu tana sheƙar gero. Ta saurari Sama'ilu da faifai a hannu.

"To, sannu, malamin gona," ta ce. "Gwamnati ta kai ka makaranta shekara nawa don ka koyi sare abincin mutane? Dabba marar baki ka samu ka ɗora wa, don ka san ba za ta kai ƙara wurin alƙali ba."

"Na yi laifi, Goggo. Ki yafe mini."

"Kai ka jira tukuna, layi ne." Ta juya ga wanta. Malam Lawal ya sunkuyar da kai. Ta dube shi, ta ga yadda ya rame, sai faifan ya suɓuce mata. "Yaya, ni da Saude muka je tsinko ganyen nan sau biyu, ƙafata har yau da tabo." Suka yi kuka su biyu, Sama'ilu yana durƙushe a rana babu wanda ya ce ya matso inuwa.

Sai da ta share fuska ta ce, "Yarinyar tana son sa?"

"Har ta yi ƙarya dominsa," in ji Malam Lawal.

"To ai sun dace, Allah ya shirye su. A ƙara wata guda a kan ranar, ya ɗanɗana jira. Kuma ni zan kai ta ɗaki."

Haka aka yi. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Lawal da hantsi, aka raba goro, liman ya yi addu'a mai tsawo. Goggo Shatu ta wanke amarya ta yi mata faɗa, ta riƙe hannunta har Gwiwa, mata na guɗa a baya. Kayan ɗaki kuwa, gado da tasoshi da tabarmi, a kan raƙumin Haladu suka iso, don ya ce ba a kai kayan taubashiyarsa a motar haya yana raye. Ya sauke, ya taya kafa gado, ya yi ta tsokanar amarya cewa ta yi asarar mai raƙumi ta ɗauki mai babur. Sama'ilu yana jin muryarsa daga cikin abokai, duk inda Haladu ya nufa sai ya sami abin yi a wani gefen. Ya roƙi Baffa, ya roƙi Goggo, ya roƙi Dela. Mutum ɗaya ne har yanzu bai iya duban idonsa ba.

Washegari da safe Dela ta leƙa ta taga ta ce, "Angona, ga Haladu can yana ɗaura siridi."

Sama'ilu ya ɗauki lauje ya zagaya bayan gida. Ya yanki dayin ta sama, ya bar gindin, ya rungumo shi a ƙirji ba tsumma, ya fito.

"Haladu."

"Na'am, ango. Da sassafe haka? Amarya ta kore ka ne?"

"Na bar ka da laifina shekara guda da wani abu. Ina ganin ka a kasuwa ina ɓuya. Ka yafe mini don Allah."

Haladu ya ci gaba da jan igiyar siridi har ya ƙulle ta. Fara'ar ta bar fuskarsa.

"Na so ta, ka sani," ya ce. "Amma tun kafin ka ari fartanya na san ba ni take kallo ba. Abin da ya ƙona ni, na rantse wa Kawu da Allah bai yarda ba." Ya numfasa. "Ya wuce. Na yafe. Ka riƙe ta da kyau, in ba haka ba ni da kai ne." Sa'an nan ya nuna raƙumin da haɓa. "Amma ni ba a canza mini suna ba. Ga wanda za ka roƙa."

Sama'ilu ya matsa, ya kwance takunkumin da hannunsa, ya miƙa dayin. Raƙumin ya sunkuyo da dogon wuyansa, ya shinshina, ya naɗe ƙaya da fure da leɓe ɗaya, ya shiga tauna yana lumshe ido.

Goggo Shatu, da ta fito da buta a hannu, ta tsaya tana kallonsu. Dela na bayanta a bakin ƙofa, lulluɓe, tana dariya tana share ido.

"To, yau dai da izini ya ci," in ji Goggo. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai faɗin gaskiya da wuri. Allah kada ya sake nuna mana shekarar da za mu ci shi don dole."

"Amin," suka ce gaba ɗaya.